Binciken da Ya Kwana a Durowa: Tambayoyi da Amsoshi kan Wariyar Wallafa a Fannin Koyarwa da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Shekaru ke nan ina duba kundin ɗalibai a fannin koyarwa, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin ɗalibai, da malaman makaranta, da jami'an ilimi da ake kawo musu sabon tsari a ce "bincike ya tabbatar". Na tara su a nan tare da amsar da nake bayarwa.

Mece ce wariyar wallafa?

Ita ce a riƙa fito da bincike ko a danne shi bisa la'akari da irin sakamakon da ya bayar, ba tare da duba ingancin aikin ba. Wanda ya gwada sabuwar dabarar koyar da karatu ya ga yara sun ƙaru, sai ya rubuta da ɗoki, mujalla ta karɓa, a yi ta ambatonsa. Wanda ya gwada dabarar nan ita kanta bai ga komai ba, sai jikinsa ya yi sanyi, ya tura takardun cikin durowa ya shiga wani aiki. Shi ya sa masana ke kiranta matsalar durowa, sunan da Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard ya laƙaba mata a 1979.

Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya san abin. Manya jajaye suna sama, ƙanana da waɗanda suka fara laushi suna ƙasa. Babu tumatirin jabu a cikin na saman nan, amma wanda ya yi wa kwandon farashi da abin da idonsa ya gani ya yi asara.

Sabon abu ne, ko an daɗe da sani?

An daɗe. A 1959 wani masanin ƙididdiga mai suna Theodore Sterling ya ɗauki mujallu huɗu na ilimin halayyar ɗan Adam ya ƙirga. Cikin maƙalu 294 da suka yi gwajin ƙididdiga, 286 sun ba da rahoton cewa sun samu abin da suke nema, wato fiye da kashi 97 cikin 100. Ya sake ƙirgawa tare da abokan aikinsa a 1995, ya tarar kusan jiya i yau. A 2010 Daniele Fanelli ya kwatanta fannonin ilimi daban-daban, ya ga ilimin halayya da likitancin taɓin hankali su ne kan gaba, da kashi 91.5 na sakamako mai goyon bayan hasashen mai bincike.

Ba mahalukin da hasashensa ke dacewa sau tara cikin goma a kan abin da ba a riga an sani ba. Da haka ne, ai da ba sai an yi gwajin ba.

To idan kowane binciken da aka wallafa an yi shi tsakani da Allah, ina ɓarnar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari mu bi ta da misali a hankali.

Mu ɗauka akwai wata dabarar koyar da lissafi da amfaninta na haƙiƙa shi ne ƙarin maki 2 cikin 100. Amfani ne, amma kaɗan. Malamai 40 a garuruwa daban-daban suka gwada ta, kowanne da aji biyu masu yara 30-30, aji ɗaya da sabuwar dabara, ɗayan da tsohuwa. Yara ba ɗaya suke ba. A wani ajin an dace da haziƙai uku, a wani zazzaɓi ya kwantar da biyar ranar jarrabawa, a wani kuma malamin kansa ne ya fi ƙwazo. Saboda haka sakamakon zai watsu: wani malami zai ga sabuwar dabara ta fi da maki 10, wani da 4, wani babu bambanci, wani ma ya ga tsohuwar ce ta fi da maki 5 ko 6. Da za a tara duka 40 ɗin a fitar da matsakaici, da an sauka kusa da 2, wato gaskiyar lamarin.

Amma akwai ƙofar da ake bi kafin a ce an samu "bambanci mai muhimmanci", ita ce alƙalamin da ake kira p, wato yiwuwar a ga bambanci mai girman haka bisa sa'a kawai ko da dabarar ba ta da wani amfani, ya sauka ƙasa da 0.05. Da aji mai yara 30, idan makin yara ya saba watsuwa da kimanin 15 daga matsakaici, sai bambancin ya kai wajen maki 8 kafin ya wuce wannan ƙofa. Cikin malaman nan 40, biyu ko uku ne kawai za su wuce, kuma su ne waɗanda sa'a ta fi taimaka wa. Su ne za a wallafa. Bayan shekara biyar mai bitar bincike ya zo ya tattara abin da ke cikin mujallu, ya samu maƙalu uku, duk sun yi ittifaƙi, ya rubuta cewa dabarar tana ƙara maki 9. Ya ninka gaskiya fiye da sau huɗu, alhali ba wanda ya yi ƙarya ko ɗaya: malaman uku sun faɗi abin da suka gani, mai bita ya yi lissafinsa daidai. Ganin kitse aka yi wa rogo.

A lura da abu guda: da ace binciken da ke ɓata yana ɓata ne barkatai, mai kyau da mara kyau, da ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. Matsalar ita ce gefe guda kullum yake ɓata.

Laifin editocin mujallu ne ke nan?

Suna da nasu kaso. A 2011 wata babbar mujallar ilimin halayya a Amurka ta buga maƙalar Daryl Bem da ke iƙirarin mutane na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Wasu masana uku a Birtaniya, Stuart Ritchie da Richard Wiseman da Christopher French, suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ba su ga komai ba, suka aika wa mujallar nan, ta mayar musu da cewa ba ta buga maimaicin bincike. Sai a wata mujallar daban aikin ya fito a 2012.

Sai dai kaso mafi girma yana hannunmu mu masu binciken. A 2014 Annie Franco da Neil Malhotra da Gabor Simonovits na Jami'ar Stanford sun bi diddigin bincike 221 da aka gudanar ƙarƙashin wani shiri guda a Amurka, inda ake da rajistar kowane aiki tun daga farawarsa, kuma duk sai da suka tsallake tantancewa kafin a ba su dama. Waɗanda suka samu sakamako mai ƙarfi, kusan kashi 60 an wallafa su. Waɗanda ba su samu komai ba, ɗaya cikin biyar ne kawai ya fito. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan kashi 65 na wannan rukuni na biyu ko rubuta su ba a yi ba. Edita bai taɓa ganinsu ba balle ya ƙi su. Masu aikin ne da kansu suka yanke ƙauna.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina da guda biyu a tawa durowar. Ɗaya gwaji ne na koyar da karatu a rukuni-rukuni da na yi zango guda ina bin makarantu huɗu a kan babur. Da na zauna na yi lissafi ban ga bambanci ba, sai na ce zan rubuta bayan hutu. Takardun amsar yaran suna nan ɗaure da roba, gefensu ya fara yin ja. Duk wanda zai yi bitar wannan batu gobe ba zai san an yi aikin ba, kuma ni na jawo.

Abin da ba a wallafa ba ai ba a ganinsa. Ta yaya aka san girmansa?

Akwai wuraren da aka yi dace akwai jerin duk abin da aka fara, sai a kwatanta shi da abin da ya fito. Misali mafi ƙarfi daga fannin magunguna yake. A Amurka dole kamfani ya yi wa gwajin maganinsa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna. Erick Turner da abokansa suka ɗauko gwaji 74 na magungunan ciwon damuwa guda 12, suka buga abin da suka gano a 2008. A idon hukumar, 38 ne suka nuna magani ya yi aiki, kuma 37 daga cikinsu an wallafa. Sauran 36 da ba su nuna hakan ba, 22 ba a wallafa su ba sam, 11 an wallafa su cikin salon da mai karatu zai zaci an yi nasara, uku kacal aka faɗi yadda suke. Likitan da ke karanta mujallu zai ga kashi 94 na gwaje-gwajen sun yi nasara, a fayil ɗin hukuma kuwa kashi 51 ne.

A fannin koyarwa ana amfani da kundin digiri na uku a matsayin madubi. Terri Pigott da abokan aikinta sun kwatanta kundaye da maƙalun da aka ciro daga cikinsu, suka ba da rahoto a 2013 cewa ma'aunin da bai nuna bambanci ba ya fi yiwuwar a jefar da shi a hanya da kashi 30. Wato ba sai an danne bincike dukkansa ba. Ana auna karatu da rubutu da lissafi da halartar makaranta, a ga lissafi ne kawai ya motsa, maƙala ta fito a kan lissafi kaɗai. Alan Cheung da Robert Slavin kuma sun duba bincike 645 kan tsare-tsaren koyarwa a 2016, suka tarar girman tasirin da ake gani a maƙalun da aka wallafa ya kusa ninka na rahotannin da ba a wallafa ba. Haka ma ƙananan gwaje-gwaje sun kusa ninka manya, kuma jarrabawar da mai bincike ya tsara da kansa ta kusa ninka wadda wani daban ya tsara.

Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka tashi da harshe biyu ko uku a baki. An daɗe ana cewa mai harshe biyu ya fi mai harshe ɗaya iya tattara hankali da sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. Angela de Bruin da abokanta biyu suka bi taƙaitattun bayanan da aka gabatar a tarukan masana daga 1999 zuwa 2012 don su ga waɗanne ne suka zama cikakkiyar maƙala. Masu goyon bayan wannan fifiko, kashi 63 sun fito. Masu ƙalubalantarsa, kashi 36. Labarin yana mana daɗin ji, amma hujjarsa ba ta kai yadda ake yaɗa ta ba. Wannan bai rage komai daga dalilan koyar da yaro da harshen uwa ba, domin waccan magana ce daban, ta fahimtar darasi.

Ai bita tana tara bincike ɗari ko fiye. Yawan nan bai wanke kuskuren ba?

Bai wanke ba, sai ma ya ƙara masa kwarjini. Hanyar haɗa alƙaluman bincike da yawa a fitar da adadi guda, wadda Gene Glass ya raɗa wa suna a 1976, ta zo ne don ta magance hayaniyar ƙananan gwaje-gwaje, kuma tana yin hakan. Amma idan duk abin da aka zuba mata ya karkata gefe guda, za ta ba ka karkataccen adadi da cikakken tabbaci.

Ga abin da ya faru da ra'ayin nan cewa ƙarfin kame kai kamar mai ne a tanki, yana ƙarewa in an yi amfani da shi. A gwajin Roy Baumeister da abokansa na 1998, an zaunar da ɗalibai masu jin yunwa gaban biskit mai cakulan da kuma radish, wata saiwar lambu mai ɗan yaji. Wasu aka ce su ci biskit, wasu aka ce su daure su ci radish kaɗai. Daga nan aka ba su wata wasa ƙwaƙwalwa da ba ta warwaruwa. Masu radish suka haƙura bayan kimanin minti 8, masu biskit suka kai wajen 19. Bincike ya yi ta biyo baya. A 2010 Martin Hagger da abokansa suka tattara 83 daga ciki, suka samu girman tasiri, wato bambancin rukuni biyu idan aka auna shi da yadda sakamako ke watsuwa, na 0.62, wanda a wannan fanni babban adadi ne. Aka saka shi a littattafan karatu. Sai Evan Carter da Michael McCullough suka sake duba alƙaluman nan a 2014 suka ce akwai alamar wariyar wallafa mai yawa. Hagger, kuma wannan abin a yaba masa ne, ya jagoranci sabon gwaji da aka yi wa rajista tun kafin a fara, a ɗakunan bincike 23, da mutane fiye da 2,000. Sakamakon da ya fito a 2016 shi ne 0.04, kusan babu.

Ba wannan kaɗai ba ne. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 daga manyan mujallu uku. A asali 97 sun nuna sakamako mai muhimmanci, a maimaici kashi 36 ne, kuma girman tasirin ya ragu da kusan rabi. A 2020 Amanda Kvarven da abokanta suka kwatanta bita 15 da manyan gwaje-gwajen maimaici a kan batutuwa iri ɗaya, suka ga adadin da bitar ke bayarwa ya kusa ninka na maimaicin sau uku.

Waɗannan alƙaluma na 0.62 da 0.04, me suke nufi a aji?

Mu koma jarrabawar da makin yara ke watsuwa da 15. Tasirin 0.4 yana nufin ƙarin maki 6. Tasirin 0.06 bai cika maki ɗaya ba.

Na zaɓi waɗannan biyun da gangan. John Hattie, ɗan ƙasar New Zealand, ya fitar da littafi a 2009 da ya haɗa bita fiye da 800, ya ce matsakaicin tasirin abubuwan da ake yi a makaranta 0.4 ne, don haka abin da bai kai nan ba bai cancanci a ba shi fifiko ba. Wannan adadi ya zaga duniya, ana ambatonsa a tarukan horar da malamai. A 2019 kuma Hugues Lortie-Forgues da Matthew Inglis suka tattara manyan gwaje-gwaje 141 da wata gidauniyar ilimi a Ingila da wata cibiyar gwamnatin Amurka suka ɗauki nauyinsu. A irin waɗannan, masu tantancewa daban suke da masu tsarin, kuma ana fitar da rahoto ko an yi nasara ko ba a yi ba. Matsakaicin tasirin 0.06 ne. Ba wariyar wallafa kaɗai ta haifar da wannan tazara ba, akwai bambancin irin jarrabawa, da wahalar aiwatar da abu a makarantu 100 maimakon biyu. Amma tana cikin manyan dalilai. Shi ya sa Matthew Kraft na Jami'ar Brown ya ba da shawara a 2020 cewa a ingantaccen gwajin makaranta, duk abin da ya haura 0.20 a ɗauke shi babba.

Ɓarnar tana da fuska biyu. Ana kashe kuɗi a kan tsarin da aka zuzuta, sannan ana watsar da tsari mai amfani na gaske saboda an auna shi da mudun da ya kumbura.

Wato duk abin da muka koya, kamar batun imanin yaro cewa basira tana ƙaruwa, shirme ne?

A'a. Wannan ra'ayi na Carol Dweck misali ne mai kyau na yadda abu ke komawa girmansa na gaskiya. Bitar da Victoria Sisk da abokanta suka yi a 2018 ta samu tasirin 0.08 ga shirye-shiryen da ke koyar da shi. A 2019 David Yeager ya jagoranci babban gwaji mai rajista a makarantu 65 na Amurka da ɗalibai fiye da 12,000, aka ga ɗalibai masu rauni sun ɗan ƙaru, kimanin 0.10 a ma'aunin maki huɗu, daga darasin intanet da bai kai awa guda ba. A shekarar 2019 ɗin dai wani gwaji a makarantun firamare kimanin 100 na Ingila bai ga ƙari a karatu ko lissafi ba. Abu ne mai arha, mai ɗan amfani ga wasu yara a wasu wurare. Ba zai maye gurbin ƙwararren malami da littafi da abin zama ba.

Babu lissafin da ke gyara wannan karkata?

Akwai dabaru, kuma bitar da ba ta yi ko ɗaya ba ta gaza. Wadda aka fi sani ita ce zanen mazurari, da Richard Light da David Pillemer suka gabatar a 1984. Ana jera bincike a takarda, manya a sama, ƙanana a ƙasa. In babu abin da ya ɓata, manyan za su taru kusa da gaskiya, ƙananan su watsu dama da hagu daidai wa daida, kamar an kife mazurari. In ka ga kusurwar ƙasa ta gefen "babu tasiri" wayam, to akwai waɗanda ba su iso ba. Matthias Egger ya kawo gwajin ƙididdiga na wannan rashin daidaito a 1997, Sue Duval da Richard Tweedie kuma suka kawo hanyar cike gurbin da ƙiyasi a 2000.

Duk waɗannan ƙiyasi ne a kan abin da ba a gani ba. Suna buƙatar bincike da dama kafin su yi aiki, aƙalla goma. Mazurari na iya karkacewa saboda wani dalilin, misali ƙananan gwaje-gwaje sun fi samun kulawar mai bincike da kansa. Kuma hanyoyin sukan saɓa wa juna a kan alƙaluma iri ɗaya. Tsohuwar dabarar Rosenthal ta ƙirga adadin ɓoyayyun binciken da za su rushe sakamako, wadda har yanzu nake gani a kundaye, masana sun daina dogaro da ita, domin takan ba da adadi mai girma da ke kwantar da hankali a banza.

Me ya sa za a saka kundin digiri da rahotanni a bita, alhali ba su bi ta hannun masu tantancewa ba?

Saboda tantancewar mujalla ba ta ware mai inganci daga mara inganci kaɗai ba, tana kuma ware mai daɗin ji daga mara daɗin ji. Hanyar da ta dace ita ce a nemo komai, sannan a auna kowanne da ƙa'ida guda: an raba yara rukuni ta hanyar ƙuri'a? Nawa ne suka fice a tsakiya? Wa ya tsara jarrabawar? Wanda ya faɗi a nan a cire shi, ko a mujalla yake ko a kantar ɗakin karatu. Cibiyoyin bita irin su Cochrane a fannin lafiya da Campbell a fannin ilimi da zamantakewa haka suke buƙata.

Duk misalan nan na Turai da Amurka ne. Ya shafe mu?

Ya shafe mu ta hanya biyu. Ta farko, yawancin tsare-tsaren da ake kawowa makarantunmu da hujjar bitar can suke zuwa, don haka kumburin da ke cikin bitar tare da shi ake shigo mana. Ta biyu, durowarmu ta fi tasu zurfi. Kowace shekara dubban kundaye kan koyarwa ake ɗaure wa bango a jami'o'i da kwalejojin ilimi, a jera a kanta, ƙura ta rufe su, ba a intanet ba, ba a cikin wani jerin da mai bita zai iya lalubowa ba. Shafin African Journals Online, da aka fara a 1998, ya taimaka wajen fito da ɗaruruwan mujallun Afirka fili, amma kundi da rahoton aiki galibi ba su kai can ba. Ƙungiyoyin da ke tallafa wa ilimi ma sun fi saurin buga rahoton shirin da ya yi nasara, wanda bai yi ba a bar shi a kwamfutar ofis.

Ga kuma harshe. Egger da abokansa sun nuna a 1997 cewa masu bincike a ƙasashen da ke magana da Jamusanci sun fi kai sakamakonsu mai ƙarfi mujallun Ingilishi, su bar mara ƙarfi a na Jamusanci. Mai bitar da ya taƙaita ga Ingilishi ya riga ya tace samfurinsa. Aikin da aka rubuta da Faransanci a Nijar, ko da Larabci a Sudan da Chadi, ta nan yake zubewa.

Tsarin ƙarin girma a manyan makarantunmu, da ke ƙirga yawan maƙalu, shi ma yana tura malami ya nemi abin da zai fito da sauri.

Akwai maganin da aka ga ya yi aiki?

Akwai, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe shi: tun ran gini, tun ran zane. A rubuta abin da za a auna da yadda za a yi lissafi a ajiye a bainar jama'a kafin a tattara bayanai. A fannin lafiya an buɗe rajistar gwaje-gwaje ta Amurka a 2000, manyan mujallun likitanci kuma suka wajabta rajista daga 2005. Robert Kaplan da Veronica Irvin suka duba manyan gwaje-gwajen cututtukan zuciya 55 da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta biya: kafin 2000, 17 cikin 30 sun nuna amfani, bayan nan, biyu cikin 25.

Matakin da ya fi wannan shi ne wanda mujallar Cortex ta fara a 2013 da jagorancin Chris Chambers na Jami'ar Cardiff. Mai bincike yana aika tambayarsa da tsarin aikinsa, a tantance su, mujalla ta yi alƙawarin bugawa tun ba a san sakamako ba. Mujallu fiye da 300 sun karɓi tsarin. Anne Scheel da abokanta sun kwatanta a 2021: a maƙalu na al'ada kashi 96 sun tabbatar da hasashensu na farko, a masu wannan tsari kashi 44. Adadi na biyun nan ya fi kama da yadda neman sani yake a zahiri.

Ni shugaban makaranta ne, ba mai ƙididdiga ba. In an kawo mini tsari da hujjar bita, me zan tambaya?

Ka tambaya ko bitar ta nemo kundaye da rahotannin da ba a wallafa ba, kuma ko ta nuna sakamakonsu daban. Ka tambaya yara nawa ne a gwaji mafi girma, kuma shi kaɗai me ya nuna, domin sau da yawa ya fi matsakaicin duka kusa da gaskiya. Ka tambaya wa ya yi gwajin, mai sayar da tsarin ko wani daban. In an ce maka abu mai arha zai ɗaga yara da maki goma cikin zango guda, ka gwada shi a aji biyu tukuna, ka rubuta abin da ka gani ko da babu komai, ka ajiye inda wanda zai gaje ka zai same shi.

Ni ɗaliba ce, sakamakona bai nuna bambanci ba. Aikina ya lalace?

Wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofishina da wannan maganar, idonta ya yi ja, ta ajiye takardar lissafin a kan tebur ba ta ko zauna ba. Ta gwada koyar da kason lissafi da 'ya'yan dabino da marafan kwalba a aji biyu na ƙaramar sakandare, mako shida tana zuwa da kayanta a leda. Ta ce, "Malam, hasashena bai fito ba. Wata ƙawata ta ce in koma wajen mai kwamfuta ya ɗan taɓa alƙaluman." Na ce ta zauna mu duba. Bambancin maki 3 ne, da yara 34 a wani aji, 31 a ɗayan. Na nuna mata cewa da wannan adadin yara, amfanin gaske zai iya zama sifili, zai iya kai maki 10, kuma aikinta bai isa ya raba gardamar shi kaɗai ba, kamar yadda na kowa mai aji biyu bai isa ba. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne ta rubuta matsakaicin makin kowane aji, da yadda makin ya watsu, da yawan yaran, a fili cikin jadawali, domin waɗannan ukun su ne abin da mai bita zai ɗauka ya haɗa da na wasu.

Haka ta rubuta. A ranar kare kundi wani daga cikin masu jarrabawa ya tambaye ta me ya sa ba ta samu bambanci ba, ta buɗe shafin jadawalin ta yi bayani, ta ci. Da ta kawo kwafin ƙarshe na roƙe ta ta ba ɗakin karatu na kwamfuta ma, ba mai bango kaɗai ba, don a saka shi a intanet.